Piyanon da Baba Yashim Ya Shafa wa Mai

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, na ji ɗaya daga cikinku, ku yaran kwaya, yana cewa wai aikin da Baba Bitrus ya yi a zamaninsa ba wani aiki ba ne, murɗa ƙusa ce kawai da sifana. Ban tanka ba, don bakina cike yake da gyaɗa a lokacin, amma na ji sarai. Ban ga laifinku ba. Ku da kuke da kibod ɗin da in mai waƙa ya kasa hawa sai ku danna maɓalli ɗaya murya ta sauko masa har ƙasa, dole ku ɗauka wasa muke yi. To ku jawo benci ku zauna.

Piyano iri biyu ne. Akwai mai kwanciya, mai ƙafa uku, wanda yake cin rabin falo; a duk shekarun aikina sau biyu na taɓa irinsa, duka a Jos. Akwai kuma mai tsayuwa, wanda ake jinginawa da bango kamar kabad ɗin kaya. Shi ne namu. Yana shiga ƙofar aji, maza shida masu ƙarfi sa ɗauke shi, ba ruwansa da lantarki ko batir. Muryarsa ta baya take fita, ta bugi bango ta dawo, shi ya sa a cocin laka mai rufin kwano za ka ji ya cika ko'ina ba tare da ya danne masu waƙa ba. Mai kaɗawa kuma in ya ɗan miƙa wuya yana ganin kwaya ta samansa, ya harari wanda ya saki layi. Ni dai ban ga abin kiɗan da ya fi shi haƙuri da talaka ba.

In ka buɗe cikinsa za ka ga waya fiye da ɗari biyu a miƙe, kowacce a ɗaure tamau. Kowane haƙori da kuke dannawa yana da 'yar guduma mai kan ulu da take bugun wayoyinta, galibi uku-uku. Ita kuma wayar an naɗe ta a jikin ƙusar ƙarfe, an kafa ƙusar cikin wani katako mai tauri. Babu noti a bayanta, babu gam. Matsewar katakon nan kaɗai ke riƙe da ita. In katakon ya saki, waya ta saki, murya ta tafi.

Wanda ya koya mini sana'ar wani dattijo ne mutumin Gana, muna ce masa Pa Mensah, yana zagaya makarantun mishan a jirgin ƙasa da akwatinsa na kayan aiki. A Zonkwa ya tsince ni, ya ce kunnena ba laifi amma bakina ya yi yawa. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa sifana ba. Sai ya bugi haƙori ɗaya ya ce, “Saurara. Wayoyin nan uku, faɗa suke ko sun shirya?” In ba su daidaita ba za ka ji muryar tana rawa, wau-wau-wau, kamar kare a nesa. In ana murɗawa a hankali sai rawar ta yi ta raguwa har ta kwanta. Wannan kwanciyar ita ce sana'ar gaba ɗaya, kuma sai ka same ta sau ɗari biyu da wani abu kafin ka ce ka gama piyano ɗaya. Ranar da ya fara ba ni sifana na tsinke waya, ta zane ni a kumatu. Ga tabon nan, ku duba. Bai ce sannu ba, cewa ya yi, “Yanzu ka san tana da ƙarfi.”

Da ya tsufa ya koma ƙasarsu sai ya bar mini akwatin. Sifana mai ƙotar katako, ɗan ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ake bugawa a gwiwa a kara a kunne don a ji muryar asali, almakashin waya, da gwangwanin dafa gam na fata. Robar toshe waya kuwa daga tsohon silifas nake yankawa. Da su na zauna a Kafanchan, ina bin coci-coci da makarantu da gidajen ma'aikatan reluwe a kan keke.

Wani aiki a Manchok ba na manta shi. Fasto ya aiko a kira ni da gaggawa, wai piyanon coci yana kiɗa shi kaɗai ba kowa a kansa, har mata sun daina shiga shara. Na cire allon ƙasa, sai ga uwar ɓera da 'ya'yanta bakwai a kwance cikin ulun guduma goma sha biyu da ta tsefe ta yi katifa. Fasto ya ce, “Ashe ba aikin Shaiɗan ba ne.” Na ce masa in dai ɓarna ce, sun yi kunnen doki. Kwana huɗu na yi ina yanka tsohuwar hular ulu ina liƙa wa gudumomin.

An yi shekarar da ta yi mana muni, lokacin da makarantun mishan suka fita daga hannun masu su, Turawan da ke kirana suka tattara suka tafi. Sababbin shugabanni ba su san mece ce sana'ata ba. Na ga piyano an tura shi sito an ɗora masa buhunan siminti, na ga wani an cire murfinsa an yi tebur. Shekarar nan citta na noma a Fadan Kagoma wurin surukaina, ina gyaran keken ɗinki a gefe. Amma aikin da nake so ku ji ya riga wannan, shekara guda ce bayan an gama yaƙin basasa.

Wata safiya ina ƙofar shagona sai ga wani dattijo gajere, hannayensa baƙi ƙirin har cikin farce. Na san shi a ido. Baba Yashim ne, ma'aikacin Loko, inda ake gyaran kan jirgi. Aikinsa tun yana saurayi shi ne bin ƙafafun jirgi da butar mai mai dogon baki. Ya gaishe ni, ya cire hula, ya ce, “Mai piyano, ina da amana a gida. Mai shi zai zo ya karɓa ran Asabar na sama. Ina so ka duba mini shi kafin nan.”

A hanya, yana tafe ina tura keke, ya ba ni labari. Ogansa a Loko wani fita ne, wato makanikin jirgi, Mista Nwosu, matarsa malamar makaranta ce, ita ke kaɗa piyano a cocinsu. Lokacin da gari ya rikice kafin yaƙi, suka hau jirgi da ƙullin tufafi kawai. A tasha Mista Nwosu ya danƙa masa makullin gida ya ce, “Yashim, komai ya tafi, amma ka duba mini piyanon Madam.” Washegari Baba Yashim ya tara 'yan'uwansa, suka ɗora shi a amalanke, suka rufe da ciyawa, suka tura shi har ƙauyensu a gindin dutse ta hanyar Kagoro. Yanzu wasiƙa ta zo. Mista Nwosu bai ga ƙarshen yaƙin ba, ciwo ya ɗauke shi. Madam za ta dawo da 'ya'yanta mata biyu ta ci gaba da koyarwa.

“Oga ya ba ni shi yana magana,” in ji Baba Yashim. “Ina so in mayar wa Madam yana magana. Shi ke nan abin da nake so.”

Da muka isa, ya kai ni ɗakin kwanansa. Ya janye zana da buhunan acca da ya jera don ɓoyo, sai ga piyano a tsaye jikin bango, baƙi, yana sheƙi. Na yi shekaru ina shiga gidajen masu ilimi, ban taɓa ganin wanda aka kula da shi haka ba. Ya ɗora ƙafafunsa a kan duwatsu masu faɗi, ya zagaye su da toka saboda gara. Ya bar tazara tsakaninsa da bango. Ya sa kyanwa tana kwana a ɗakin. Da rani yana ajiye kaskon ruwa a gefensa, don ya taɓa ganin Madam tana yi. Ɗakin ƙarami ne, shi da matarsa shekara biyar suna kwana a takure saboda kayan wani.

Na danna haƙori na tsakiya. Abin da ya fito ba murya ba ce, kamar an jefa cokali a randa. Ban damu ba, shekara biyar ba saiti dole haka. Na buɗe murfin sama, sai wari ya bugi hancina. Na cire allon gaba, na ga ƙusoshin nan duka suna ƙyalli, babu ɗigon tsatsa, katakon da ke riƙe da su kuwa ya jiƙe ya yi baƙi. Na ɗora sifana a kan ɗaya na ja waya ta hau. Ina sakin hannu, sifanar ta juyo da kanta a hankali ta koma inda ta fito. Na gwada ta biyu, na gwada ta goma. Duk ɗaya.

Na gaya muku Pa Mensah ya ce bakina ya yi yawa. Ban tsaya tunani ba na ce, “Wane jahili ne ya zuba wa wannan mai? Ai ya kashe shi!”

Baba Yashim ya dubi hannayensa. Ya ce, “Ni ne. Duk farkon wata. Ban tsallake ko ɗaya ba.” Ya sunkuya ƙarƙashin gado ya jawo butar mai, ya nuna mini. Ragowar man da ake zubarwa a Loko yake tacewa da tsumma ya kawo gida, ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu. “A wurinmu ƙarfe in ba mai, ya mutu. Na ga damina yana zuwa, na ce tsatsa zai ci kayan Oga.”

Na ji kunya ranar, har yau in na tuna ina jin ta. Mutumin nan abin da ya sani mafi kyau a duniya shi ya yi wa piyanon, sau sittin, ni kuma na zo da sifanata na ce masa jahili a cikin ɗakinsa. Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, bakina ne.” Ya ce, “Ba komai. Gaya mini gaskiya, ya mutu?” Na ce ban sani ba. A ƙa'ida sai an canja katakon gaba ɗaya, wannan kuwa ko a Legas ba na jin ana yi. Amma akwai wata dabara da na taɓa ganin maigidana ya yi wa ƙusa uku. Ban taɓa jin wanda ya yi wa ɗari biyu ba.

Na ce masa kuma, in ya yarda, sai mu ce wa Madam daɗewa ce ta lalata shi, ba wanda zai sani. Ya girgiza kai. “A'a. Ni zan gaya wa Madam da bakina. Kai dai ka yi naka.”

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Da farko na sassauta wayoyin duka kaɗan-kaɗan, daga nan zuwa can, don in ka saki gefe ɗaya gaba ɗaya ƙarfen ciki yana iya tsagewa. Sannan muka bi su goma-goma. In zare naɗin waya, in murɗo ƙusa waje, in naɗa tsumma a tsinke in tsoma a fetur in wanke ramin, in sake, in sake, har tsumman ya daina fitowa baƙi. A bar shi ya sha iska yini guda. Sai a yanka 'yar sanfefa siririya kamar faɗin ɗan yatsa, a naɗe ta cikin ramin, gefen yashin yana kallon katako, a mayar da ƙusa a buga da guduma a hankali har ta zauna. In sanfefar ta yi kauri katako zai tsage, in ta yi siriri aikin banza ne. Ƙofa a buɗe muke aiki, an hana hura wuta a tsakar gidan saboda fetur, matarsa sai a maƙwabta take dafa mana tuwon acca.

Baba Yashim ya ɗauki hutu a wurin aiki ya zauna a ƙasa yana yanka sanfefa. Kwana biyu na farko bai yi mini magana ba, ba don fushi ba, kawai maganar ce babu. Amma hannunsa hannun ma'aikaci ne. Bayan na nuna masa sau ɗaya, duk wadda ya yanka daidai take da 'yar'uwarta, har ya fi ni. Rana ta uku yana goge ƙusa sai ya ce, “Shekara talatin ina sa mai, yau ga ni ina cire mai.” Muka yi dariya, daga nan hira ta buɗe.

Ran Laraba na fara jan waya. Sabon ɗauri ba ya zama a ja ɗaya, sai ka bi shi duka, ka dawo ka tarar na farko sun sauka, ka sake bi. Na kai shi daidai muryar ƙarfena, na tafi gida. Da safe na dawo na buga ƙarfe a gwiwa na kara a kunne, na danna haƙori. Ya sauka. Ba sosai ba, amma ya sauka. Baba Yashim yana tsaye a bakin ƙofa yana karanta fuskata. Na zauna na yi tunani. Katakon ya sha mai har cikin ƙashinsa, ba zai ɗauki cikakken nauyi ba. Sai na yanke shawarar abin da maigidana zai zage ni a kai: na sauke muryar piyanon gaba ɗaya da rabin taki, kowace waya ta huta kaɗan, amma duka su shirya da juna. Ran Juma'a da safe na gwada, yana nan inda na bar shi. Haƙora huɗu na can ƙarshen sama ne suka ƙi, na yi na yi, na haƙura. Warin man kuwa ko fetur bai iya da shi ba.

Ran Asabar da hantsi suka iso daga tasha a bayan wata tsohuwar a-kori-kura. Madam Nwosu doguwa ce, ta rame, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ta rungumi matar Baba Yashim, aka yi gaisuwa, aka yi ta'aziyya, aka kawo kunu. Mun riga mun fito da piyanon inuwar mangwaro a tsakar gida, mutanen ƙauye sun taru, yawancinsu ranar suka fara sanin abin da ke ɗakin maƙwabcinsu.

Ta zauna a kan turmi da aka kife mata, ta goge hannu a zani, ta ɗora yatsu. Ta fara a hankali kamar mai taka gadar da ba ta yarda da ita ba, sannan ta saki hannu. Waƙar sujada ce da kowa ya sani, kafin ta kai baiti na biyu matan gidan sun kama da yarensu, 'ya'yanta suna yi da nasu. Ni ba waƙar nake ji ba, kunnena yana kan wayoyi, ina jiran wadda za ta zame. Babu wadda ta zame.

Da ta gama ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. “Kai ne mai saiti? Ya sauka da rabi.” Na ce, “E, Madam.” Kafin in ƙara, Baba Yashim ya matso, ya cire hula, ya durƙusa a gabanta, dattijo da furfurarsa.

“Madam, ba laifin yaron nan ba ne. Ni ne na yi ɓarna. Oga ya ce in duba shi, ni kuma na zuba mishi man Loko a ƙusa, shekara biyar. Ban sani ba. Ya ce guda huɗu a sama ba zai yi magana ba kuma. Ga shi, na mayar, amma ba yadda Oga ya ba ni ba.”

Ta miƙe ta ɗaga murfin sama don ta ga abin da yake faɗa. Na yi sauri na ce mata warin zai ragu, in an kai shi gari zan zo da fetur in ƙara wankewa. Ba ta ji ni ba. Ta sunkuyar da fuska cikin piyanon, ta tsaya haka, ta daɗe, hannunta riƙe da murfin. Babbar 'yarta ta matso ta ce, “Mama?” Ita ma ta sunkuya, sai ta toshe baki da hannu.

Madam ta ɗago, ta cire tabarau. Ta ce, “Haka rigar mijina take wari in ya dawo daga aiki. Da muka gudu ba mu fito da ko ɗaya ba.” Ta kama Baba Yashim da hannu biyu ta tashe shi tsaye. “Papa, tashi. Tashi, don Allah. Ka ajiye mini fiye da abin da aka ba ka.”

Shekara tara na yi ina zuwa gidanta a layin reluwe, farkon damina da farkon rani, ina ja masa waya. Yara da yawa a garin nan a kansa suka koyi kiɗa, rabin taki ƙasa da na kowa, wasunsu iyayenku ne. Duk zuwan da na yi sai na ce, “Madam, in kawo fetur ɗin nan?” Ita kuma sai ta ce, “Mista Bitrus, yi saitinka ka rufe mini murfi.”